Kwarto, Wuƙa Da Kotun Nasara: Yadda Aka Soke Hukuncin Gwandu A 1947

Duk majalisar samarin da aka kawo labarin miji ya kama kwarto a ɗakinsa ya aika da shi lahira, ko kuwa ya far wa matar da wuƙa, to kafin mai ba da labari ya rufe baki za a ji wani ya ce, "Maganinsa ke nan!" Wani ya ce namijin duniya, wani ya rantse ko shi ne abin da zai yi ke nan, har ma ya ƙara. Abin takaicin shi ne, har da 'yan uwan da ba a rasa su a sahun farko ake yin wannan shewa, suna zaton wai kishin addini ne ke motsa su. Alhali fatawar da suke bayarwa ba ta Imamu Malik ba ce, ba kuma ta wani malamin Musulunci ba ce. Fatawar jojin Ingila ce, kuma an san shekarar da ta yi galaba a ƙasar nan, an san shari'ar da ta hau kanta ta shigo.

A shekarar 1947 ne, zamanin Sarkin Gwandu Yahaya. Wani mutum da littattafan lauyoyi suka adana sunansa, Tsofo Gubba, ya kashe kwarton matarsa. Aka kai magana gaban kotun Sarkin Gwandu, wadda ke da ikon sauraron shari'ar jini, kotu ta duba ta a bisa fiƙihun Malikiyya, ta ce wannan kisan ganganci ne, ta yanke masa hukuncin kisa. Sai aka ɗaukaka ƙara, magana ta isa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, wato kotun da Turawan Ingila suka kafa wa Nijeriya da Gwalkwas, wadda yanzu ake kira Gana, da Saliyo da Gambiya. Jojin Nasara suka buɗe nasu littafin, Kiriminal Kod, suka ce a wurinsu mutumin da aka tunzura har ya yi kisa cikin zafin rai ba a kashe shi, laifinsa ya sauko daga kisan ganganci zuwa wanda ke ƙasa da shi. Suka ƙara da cewa tun gyaran da aka yi wa dokar a 1933, duk laifin da ke rubuce a littafinsu, to kotun alƙali ma da littafinsu za ta yi hukunci a kai. Da wannan suka soke hukuncin Gwandu.

Sai mai karatu ya tsaya ya dubi wurin da aka yi wa wannan wulaƙanci. Gwandu fa! Gidan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Mujaddadi, mutumin da ya zauna a Kano ya rubuta wa jama'arta Liya'ul Hukkam don ya koya wa masu mulki da alƙalai yadda ake hukunci da abin da Allah Ya saukar. Jikokinsa ne suka zauna suka yi hukunci, wasu mutane kuma da ba su san ko farillan alwala ba suka ja masa jan alƙalami, aka kuma bi nasu aka bar na Gwandu.

Wannan bai faɗo daga sama ba. Ranar da Lugga ya tsaya a Sakkwato a watan Maris na 1903, bayan ya ci garin da bindiga mai ruwa, ya yi alkawarin wai ba zai taɓa addini ba, alƙalai su ci gaba da aikinsu. Amma alkawarin da wutsiyarsa: ba yanke hannu, ba a kashe kowa sai Bature ya sa hannu, kuma duk hukuncin da Bature ya ga ya saɓa wa abin da shi yake kira adalci, to ya faɗi. A 1904 ya kawo Kiriminal Kod, wanda aka kwaikwayo daga dokar wata jiha ta Ostareliya mai suna Kwinslan, a 1916 aka shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka. Saboda haka shekara arba'in da huɗu alƙalai suna zaune a kan buzu, da rawani, da Muhtasar da Tuhfa a gabansu, talakawa na ganin ai Shari'a na nan, alhali ta riga ta zama 'yar haya a gidan ubanta. Shari'ar Gubba ba ita ta ƙwace gidan ba, ranar ce dai mai karɓar haya ya ƙwanƙwasa ƙofa da rana tsaka kowa ya gan shi.

To a nan ne wani ɗan uwa zai yi wuf ya ce, "Amma ai a wannan karon Bature ne ya yi daidai. Ya za a kashe mutum don ya kashe wanda ya keta masa haddin gida?" Wannan tambaya ita ce tarkon, kuma da yawa sun faɗa cikinsa ba su sani ba.

An yi wa Manzon Allah (S) irin wannan tambaya tun a Madina, kuma wanda ya yi ta ba ƙaramin mutum ba ne. Sa'adu ɗan Ubada ne, shugaban Khazraj, wanda duk Madina ta san shi da zafin kishi. Ya tambaya ko idan ya iske wani tare da matarsa zai ƙyale shi har sai ya je ya nemo shaidu huɗu, Manzon Allah (S) ya amsa masa da cewa haka ne. Sa'adu ya nuna shi kam takobi zai riga shaidu zuwa. Manzon Allah (S) bai zarge shi da kishin ba, ya ma sanar da sahabbai cewa shi ya fi Sa'adu kishi, Allah kuma Ya fi shi, kuma saboda kishin nan ne Allah Ya haramta alfasha. Amma duk da haka bai ba shi izinin takobin ba. Wanda ya fi kowa kishi a cikin halitta shi ne ya hana.

Bayan haka abin ya faru a zahiri a ƙasar Sham, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Wani ya iske mutum da matarsa ya yi kisa, hukuncin ya shige wa Mu'awiya duhu, har ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari ya tambayo masa Imam Ali. Amsar da ta fito daga Imam Ali ita ce, in bai kawo shaidu huɗu ba a miƙa shi ga dangin mamacin. Wannan ita ce hanyar da kotun Gwandu ta bi bayan shekaru kusan dubu da ɗari uku. A fiƙihun Malikiyya wanda ya kai wa mutum hari da gangan ya mutu, ba a tambayar yadda zuciyarsa ta tafasa kafin ya kai harin. Jinin na waliyyan mamaci ne: in sun so a yi ƙisasi, in sun so su yafe ko su karɓi diyya. Ko sun yafe ɗin ma, mai kisan bai tsira hannu rabbana ba, akwai bulala ɗari da ɗaurin shekara guda a kansa.

Dalilin kuwa a fili yake ga duk mai hankali. Gawa ba ta magana. In aka buɗe wannan ƙofa, duk wanda ke bin wani da gaba, ko wanda ake bi bashi, sai ya gayyato shi gida, ya yanka shi, ya fito yana ihu kwarto ne. Duk wanda ya gaji da matarsa, ko yake hangen abin hannunta, sai ya shaƙe ta ya ce ya kama ta. Wa zai ƙaryata shi? Wanda zai ƙaryata shi yana kwance cikin likkafani. Shi ya sa a Suratul Isra'i aka jera ayoyin biyu kafaɗa da kafaɗa, ta 32 ta hana kusantar zina, ta 33 ta hana kashe rai ba da haƙƙi ba, ta kuma ba waliyyin wanda aka kashe iko. Wanda ya riƙe ta farko ya taka ta biyu bai bi Alƙur'ani ba, son zuciyarsa ya bi.

Kuma ba a bar mijin haka kawai yana cizon yatsa ba. Da Hilalu ɗan Umayya da Uwaimirul Ajlani suka zo da irin wannan kuka, Allah Ya saukar musu da mafita a Suratun Nur, aya ta 6 zuwa ta 9, wato li'ani. Miji ya yi rantsuwa huɗu a gaban alƙali cewa gaskiya ya faɗa, ta biyar ya kira la'anar Allah a kansa in ƙarya yake. Matar ita ma tana da bakin magana, ta yi nata huɗu, ta biyar ta kira fushin Allah a kanta in gaskiya ya faɗa. A raba su har abada, a cire masa ɗan in ya kore shi, a bar sauran ga ranar da asirai za su tonu. In kuma ba ya son tonon silili, saki na hannunsa. Babu inda aka ce ya ɗauki wuƙa, babu inda aka ce ya ɗauki taɓarya, babu inda aka ce ya watsa mata ruwan batir. Haddi aikin shugaba ne da alƙali bayan hujja ta tabbata, ba aikin miji ba ne cikin dare. Haka ita ma matar da ta ji ƙishin-ƙishin mijinta na neman wata, ta ɗora ruwa a wuta ta jira ya yi barci, hukuncinsu ɗaya. Kuma wannan duk ga wanda ya gani da idonsa ake magana. Ina ga wanda hujjarsa ba ta wuce wani saƙo da ya gani a waya ba, ko maganar 'yan gulmar unguwa? Wannan in ya buɗe baki ma ya jefi matar aure ba shaidu, ba li'ani, bulala tamanin ta ƙazafi ce ke jiran bayansa.

To daga ina rangwamen da jojin 1947 suka yi ya samo asali? Ba daga tausayi ba ne, kada wani ya ruɗu. A shekarun 1670 wata kotu a Ingila ta saurari shari'ar wani da ya iske matarsa da kwarto ya rotsa masa kai da kujera. Kotu ta ce ba kisan ganganci ba ne, a yi masa lalas a hannu kawai, har ta umurci mai lalas ɗin ya yi a hankali. A 1707 babban jojin Ingila, Holt, ya fito da dalilin ƙarara: a wurinsa kwartanci shi ne mafi girman shiga dukiyar mutum. Dukiya! Wato mace kaya ce kamar akuya ko gona, kwarto kuma ɓarawo ne da aka kama a rumbu. Ba saɓon Allah ne ya dame su ba, ba tsarkin nasaba ba, mallakar mai gida ce aka taɓa. A kan wannan tushe aka gina rangwamen, shi ne kuma aka ɗauko aka danne hukuncin Imam Ali da shi.

Ba Ingila kaɗai ba. Dokar laifuffuka ta Faransa ta 1810, ta zamanin Nafoliyon, sashe na 324, ta yi wa miji uzuri in ya kashe matarsa da kwartonta ya same su a gidansa, kuma ba a cire wannan sashe ba sai a 1975. Italiya ta riƙe rangwamen kisan kare mutunci har 1981. A jihar Tekzas ta Amurka kuwa, har zuwa 1974, mijin da ya kashe kwarton da ya kama turmi da taɓarya ba shi da laifi sam. Daga dokar Faransan nan ne irin wannan sashe ya bi ta dokar Usmaniyya ta 1858 ya shiga dokokin ƙasashe irin su Labanan da Jodan. Yau kuma jikokin waɗanda suka rubuta shi su ne ke cika rediyo da cewa wai Musulunci ne ya halatta wa maza kashe mata don kare mutunci. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Har gobe ma ba su gama fita daga ramin da suka haƙa ba. A 2009 majalisar Ingila ta yi doka ta ce daga yanzu cin amanar aure ba ya cikin abin da mai kisa zai fake da shi. Dokar ta fara aiki a watan Oktoba na 2010. Ba a yi wata biyu ba wani magidanci a kudancin Ingila, wanda matarsa ta bar gida kuma ya gano tana hulɗa da wasu, ya buga mata katako a ka ya shaƙe ta har ta mutu. Kotun farko ta bi sabuwar doka, ta hana a duba uzurinsa, aka same shi da kisan ganganci. Ya ɗaukaka ƙara. A watan Janairu na 2012 Kotun Ɗaukaka Ƙara, ƙarƙashin babban jojin ƙasar, ta soke hukuncin ta ce a sake shari'a, wai cin amanar shi kaɗai ba uzuri ba ne, amma in ya haɗu da wasu abubuwa, kamar gorin da ya ce ta yi masa, to sai a duba shi. Wa ya ji gorin? Shi kaɗai, don ita tana kabari. Abin da majalisa ta fitar ta ƙofa, kotu ta dawo da shi ta taga. Daga baya da aka zo sake shari'ar, mutumin da bakinsa ya amsa cewa kisan ganganci ya yi. Shekara ɗari uku da arba'in suna jujjuya magana ɗaya, yau a ɗaure gobe a kwance, maganar da aka gama da ita a Madina a zama guda.

A koma gida. Hukuncin 1947 ya tayar da hankalin sarakuna da alƙalan Arewa, don sun gane in haka ne aikinsu ya ƙare. Sai Turawa suka shiga gyaran gangar Auzinawa. A 1948 aka yi doka aka mayar wa kotunan alƙalai ikon hukunci da nasu littafin. A 1951 aka sake taɓa ta. A 1957, a shari'ar Maizabo da En'en Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta tsayar da cewa alƙali na iya kiran laifi da sunan da ya ga dama, amma horon da zai yi kada ya wuce wanda Kiriminal Kod ya tanada wa wannan aiki. Wato alƙali ya karanta Larabcinsa ya more, amma ma'aunin na Bature ne.

Da mulkin kai ya matso, aka ce wa shugabannin Arewa ba za a miƙa musu ƙasa da wannan ruɗani ba. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana shari'a, shugabansa babban jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, a cikinsa akwai wani joji daga Fakistan, akwai kuma Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, mutumin da ya yi aikin mishan a Masar kafin ya zama masanin shari'ar Musulunci a wurin Turawa. Shawararsu ce ta haifi Final Kod, wanda ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, saura kwana ɗaya a sauke tutar Ingila. An kwaikwayo shi daga na Sudan, na Sudan daga na Indiya na 1860, na Indiya kuwa Macaulay ne ya tsara shi, Baturen nan da ya taɓa rubuta cewa kanta guda ta littattafan Turai ta fi duk abin da Larabawa da Indiyawa suka rubuta. Daga ranar shari'ar jini da ta haddi ta fita daga hannun fiƙihu, aka bar wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a aure da saki da gado da waƙafi. A 1967 sojoji suka rufe kotunan sarakuna gaba ɗaya, har da wadda ta yanke wa Gubba hukunci.

Duk mai son ya ga abin da aka musanya wa Musulmi da shi, ya nemi Final Kod ya buɗe wuri biyu. Sashe na 387 da na 388 sun yi maganar zina: ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tara, ko duka biyun. Tara! A Kitabul Farƙ, cikin abubuwan da Shehu Usmanu ya lissafa na mulkin sarakunan da ya yaƙa, akwai canza hukuncin Allah a kan mazinaci da ɓarawo da mai kisa zuwa karɓar dukiya. Abin da aka yi hijira daga Ɗagel a 1804 don a kawar, abin da aka zubar da jini a Tabkin Kwatto da Alkalawa a kansa, shi ne aka dawo da shi da lamba da sashe, aka ce ci gaba ne. A Kudu ma ko tarar babu: a 1961 babbar kotun Jihar Yamma ta wanke wata mata da kotun gargajiya ta hukunta kan zina, bisa hujjar cewa babu rubutacciyar dokar da ta ce zina laifi ce. Sai kuma a buɗe sashe na 222, a ga rangwamen jojin Ingila zaune daram: wanda aka tunzura tunzuri mai tsanani, na ba-zata, ya yi kisa, ba a kashe shi.

A haɗa biyun a gani. An sassauta wa mazinaci har abin ya zama na mai kuɗin tara, sannan an sassauta wa mai kisa in ya ce zuciya ce ta ɗebe shi. An ba otal-otal da gidajen giya lasisi, an bar aure ya yi tsadar da saurayi zai shekara goma yana tara kuɗin lefe ba aikin yi, an cire tsoron haddi daga zukata, sannan aka ce wa miji in abin ya faɗo gidanka ga wuƙa nan, za a duba maka. Musulunci ya toshe hanyar tun daga nesa, da neman izini kafin shiga gida, da runtse ido, da aurar da gwagware, duk a cikin Suratun Nur, sannan ya ƙwace wuƙar daga hannun miji ya damƙa hukunci ga alƙali. Tsarin ɗagutu ya buɗe hanyar, ya mayar wa miji wuƙar. Saurayin da ke shewa a majalisa don an yanka kwarto, ko don an sassara wata baiwar Allah a kan zato, ya sani sashe na 222 yake yi wa tafi, ba Suratun Nur ba.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, tun daga Zamfara a watan Oktoba na 1999 jihohi goma sha biyu sun dawo da Shari'a. To a tambayi duk lauyan da aka yarda da shi, me sashe na 1 na tsarin mulkin 1999 ya ce? Ya ce shi ne sama da kowace doka, duk wadda ta saɓa masa ta faɗi gwargwadon saɓawarta. Sashe na 36 ya ce ba a hukunta kowa sai da laifin da wata majalisa ta rubuta, saboda haka haddin da alƙali zai yanke ba don yana cikin Alƙur'ani yake da ƙarfi a kotu ba, sai don 'yan majalisar jiha sun ɗaga hannu, kuma hannun da ya ɗaga yau yana iya saukewa gobe. Sashe na 277 har yanzu a kan aure da gado da makamantansu ya lissafa aikin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. In an yanke hukuncin kisa, sai gwamna ya sa hannu, kamar yadda ake jiran hannun Gwamna Bature a zamanin Gubba. Tsanin ɗaukaka ƙara kuwa, da can yana bi ta kotun Afirka ta Yamma ya ƙare a Landan, tun 1963 aka datse na Landan ɗin, yanzu yana ƙarewa a Kotun Ƙoli da ke Abuja, inda jojin da zai duba hukuncin alƙali ya yi rantsuwar kama aiki ne a kan zai kare tsarin mulki.